Kansila A Hunturun Landan: Fansho, Ƙungiya Da Neman Ƙuri'a A Ƙafa

Idan aka ambaci West Ham, abin da kan fara faɗo wa matasanmu a rai shi ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa. To, amma kafin a yi ƙwallon akwai unguwar, kuma unguwa ce ta leburori da ma'aikatan tashar jiragen ruwa a gabashin birnin Landan. A shekarar 1965 aka haɗe ta da maƙwabciyarta East Ham, aka yi ƙaramar hukuma guda mai suna Newham. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum wajen 351,000 ke zaune a cikinta, daga kusan kowace kusurwa ta duniya, kuma tun daga zaɓen 2022 kansiloli 66 ne ke wakiltar mazaɓunta 24.

Kalmar kansila ba baƙuwa ba ce gare mu, domin daga wajen Turawan Ingila muka aro ta, kamar yadda muka aro kalmar fansho. Shi ya sa muka ga ya kamata a wannan mako mu leƙa gidan da kalmar ta fito, mu ga yadda kansilan unguwa irin wannan, musamman wanda ya taso daga ƙungiyar ƙwadago, yake cinye watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris. A cikin waɗannan watanni ne ake gane kansilan da ke riƙe da amanar jama'a da wanda kujera kawai ya samu.

Irin sanyin da ake magana

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka hunturun Ingila kamar namu ne, na ƙura da bushewar leɓe. Nasu na ruwa ne da danshi da duhu. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe 8 na safe, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, wato hasken yini bai cika awa 8 ba. Da dare sanyi kan yi tsanani har wani lokaci ruwa ya daskare a kan titi. Gidan da ba a kunna na'urar ɗumama ɗaki ba, bangonsa kan yi gumi, funfuna ta fito baƙi ƙirin, yara da tsofaffi su kama tari. Saboda haka kuɗin gas da lantarki a ƙasar magana ce ta rai da mutuwa ga tsoho mai zaman kansa.

Shi kuwa kansila ba ma'aikaci ba ne mai albashi. Alawus ake ba shi, wanda a ƙananan hukumomin Landan yakan kama fam dubu goma da 'yan kai a shekara, bai ma kai abin da mai mafi ƙarancin albashi ke samu ba idan yana cikakken aiki. Don haka da yawansu suna da wani aikin da suke ci da shi, ko kuwa sun riga sun yi ritaya. Wani bincike da Ƙungiyar Ƙananan Hukumomi ta Ingila ta yi a 2022 ya nuna matsakaicin shekarun kansila ya kusa 60, kuma yakan ba aikin majalisa wajen awa 22 a mako. Galibin awoyin nan da yamma ne, bayan an tashi daga ofis, cikin duhu da yayyafi.

Inda abin ya samo tushe

Haɗuwar kansila da ƙungiyar ƙwadago a wannan yanki tsohon zance ne. A ranar 31 ga Maris 1889 wani lebura mai suna Will Thorne, wanda ke zuba gawayi a babbar masana'antar gas ta Beckton, ya tara abokan aikinsa a Canning Town suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gas. Mutumin nan tun yana ɗan shekara 6 ya fara aikin ƙarfi, karatu ma sai da ya girma ya ƙware a kai. Cikin 'yan watanni ƙungiyar ta sa aka rage musu aiki daga awa 12 zuwa awa 8 a rana. A 1891 aka zaɓe shi kansila a West Ham, daga baya ya zama magajin gari, ya kuma yi ɗan majalisar ƙasa daga 1906 har zuwa 1945. Ƙungiyar da ya kafa ita ce ta girma ta zama GMB ta yau. A wannan West Ham ɗin ne kuma aka zaɓi Keir Hardie zuwa majalisar ƙasa a 1892, mutumin da ya zama shugaban farko na 'yan jam'iyyar Leba a majalisa, kana a 1898 wakilan ma'aikata suka karɓi ragamar majalisar garin, karo na farko a Ingila.

Idan muka ƙara komawa baya, za mu tarar da hannun masu bi a cikin labarin. A 1834 aka kama wasu leburorin gona shida a ƙauyen Tolpuddle da ke gundumar Dorset, saboda sun yi rantsuwa sun kafa ƙungiya bayan an yi ta zaftare musu lada. Shugabansu George Loveless mai wa'azi ne na sa kai a Ikkilisiyar Metodis, yawancin sauran ma 'yan ikkilisiyar ne. Aka yanke musu hukuncin kora zuwa Ostireliya na shekara 7. Mutum wajen 800,000 suka sa hannu a takardar koke, har aka yi musu afuwa a 1836. A ƙananan majami'u irin nasu ne leburori da yawa suka koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana, suka koyi riƙe littafin kuɗi da gudanar da taro, kuma da wannan horo suka shiga ƙungiya da majalisa.

Zaman sauraron koke

Babban aikin kansila a hunturu shi ne zaman da yakan yi a ɗakin karatu na unguwa, ko zauren jama'a, ko zauren wata majami'a, inda kowa ke iya shigowa da kokensa ba tare da neman iso ba. A Newham yawancin kukan na gida ne. Ƙaramar hukumar na cikin waɗanda suka fi kowace a Ingila yawan iyalan da ke zaune a masaukin wucin gadi, don kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Wata za ta zo da wasiƙar tashi daga mai gida, wani da hoton bangon ɗakin 'ya'yansa da funfuna ta cinye, wani tsoho kuma da takardar kuɗin wuta da ya kasa biya. Kansila ba shi da gidan da zai bayar, ba shi da kuɗin da zai raba. Abin da ke hannunsa shi ne ya rubuta wa jami'in da abin ya shafa, ya bi sawu, ya sake rubutawa, idan ta kama ya ta da maganar a zauren majalisa.

Kada mai karatu ya raina maganar funfuna. A watan Disamba 2020 wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak ya rasu a garin Rochdale, bincike kuma ya tabbatar cewa funfunar gidan hayar da suke ciki ce ta lalata masa numfashi, alhali iyayensa sun daɗe suna kai kuka. Rasuwarsa ta sa aka yi doka da sunansa, wadda ta fara aiki a watan Oktoba 2025, ta tilasta wa hukumomin gidajen talakawa su duba irin wannan ƙorafi cikin ƙayyadaddun kwanaki. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an sami mai bin ta, nan ne kansila ke shigowa.

Zaman kansa ma ba ya rasa haɗari. A watan Mayu 2010 aka daɓa wa ɗan majalisar ƙasa mai wakiltar East Ham, Stephen Timms, wuƙa a wajen irin wannan zama a Beckton, Allah ya sa da sauran kwanansa. A Oktoba 2021 kuwa aka kashe wani ɗan majalisar, David Amess, yana cikin sauraron jama'a a zauren wata majami'ar Metodis a Leigh-on-Sea. Duk da haka ba a daina zaman ba, sai dai an ƙara kula, kansiloli da yawa kuma ba sa zama su kaɗai.

Amanar kuɗin tsofaffi

Fansho iri biyu ne ke zuwa gaban kansila. Na farko shi ne na gwamnatin ƙasa, wanda aka fara biya a watan Janairu 1909, sule 5 a mako ga talakan da ya kai shekara 70. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 cikakken sabon fanshon ya kama fam 230.25 a mako, ga wanda ya yi shekara 35 yana biyan inshorar ƙasa. Bayan wannan akwai tallafin ɗumama gida da aka ƙirƙiro a 1997, fam 200, ko 300 ga wanda ya kai shekara 80. A 2024 gwamnati ta taƙaita shi ga mafiya talauci kaɗai, wato masu karɓar ƙarin tallafin fansho, jama'a suka yi ca, har a 2025 aka mayar wa duk wanda abin da yake samu bai wuce fam 35,000 a shekara ba. Abin da rigimar ta tono shi ne cewa ɗaruruwan dubban tsofaffi da suka cancanci ƙarin tallafin ba su taɓa nema ba, wasu don rashin sani, wasu don kunya, wasu don tsawon fom ɗin. Kansilan kirki yakan zauna da tsohuwa su cike fom ɗin tare, layi bayan layi.

Har ila yau akwai kukan matan da aka haifa a shekarun 1950. Dokar 1995 ta ɗaga shekarun fara karɓar fanshonsu daga 60 zuwa 65, dokar 2011 ta hanzarta abin, kafin ƙarshen 2020 kuma ya zama 66 ga maza da mata. Da yawansu sun ce ba a sanar da su a kan lokaci ba. A watan Maris 2024 mai binciken koke-koke na majalisa ya ba da shawarar a biya su diyya, amma a Disamba na wannan shekarar gwamnati ta ce ba za ta biya ba.

Fansho na biyu shi ne na ma'aikatan ƙananan hukumomi, kuma a nan kansila ba ɗan kallo ba ne, shi ne mai tsaron rumbu. Tsarin ya ƙunshi mutum fiye da miliyan 6 a Ingila da Wales, masu share titi, masu dafa abinci a makarantu, masu kula da tsofaffi da akawuna, dukiyarsa kuma a 2024 ta doshi fam biliyan 400. Ma'aikaci yakan zuba tsakanin kashi 5.5 da 12.5 cikin 100 na albashinsa, hukuma ta ƙara nata. Kusan kowace ƙaramar hukuma a Landan tana da nata asusun, kwamitin kansiloli ne kuma ke yanke shawarar inda za a juya kuɗin, ko hannun jari, ko gine-gine, ko bashi ga gwamnati. Duk shekara 3 masana lissafi kan auna asusun su ga ko abin da ke ciki zai isa biyan abin da aka yi alkawari, sakamakon kuma a watannin sanyi yake zuwa gaban kwamiti.

Me ya sa 'yan ƙwadago suka nace sai sun zauna a irin wannan kwamiti? Domin sun ga abin da ya sami 'yan'uwansu. A watan Nuwamba 1991 attajirin nan mai jaridu, Robert Maxwell, ya mutu a teku, bayan mutuwarsa aka gano cewa ya kwashe fiye da fam miliyan 400 daga asusun fanshon ma'aikatansa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dokar fansho ta 1995 ta ba ma'aikata damar zaɓen kashi ɗaya bisa uku na amintattun asusunsu, tun daga 2015 kuma kowane asusun ƙaramar hukuma yana da hukumar sa ido wadda wakilan ma'aikata da na masu ɗaukar aiki suke daidai wa daida a cikinta. Takardun kwamitin nan sukan kai shafi ɗaruruwa, cike da alƙaluma, kuma wanda bai karanta su da dare a gidansa ba, sai dai ya gyaɗa kai ga duk abin da dillalan kuɗi suka faɗa masa.

Hula biyu a kai ɗaya

Da rana kansilan namu ma'aikaci ne kuma wakilin ƙungiya, misali ta UNISON, wadda aka kafa a 1993 bayan haɗewar ƙungiyoyi uku, take kuma da 'ya'ya fiye da miliyan 1.3. Doka ta ba ma'aikacin da za a ladabtar dama ya zo da wakilin ƙungiyarsa, saboda haka wakili yakan yini daga wannan zama zuwa wancan, yau maganar kora, gobe maganar haɗari a wurin aiki, jibi ta ƙarin albashi. Maganar fansho ma ta sha fitar da su titi. A ranar 30 ga Nuwamba 2011 aka yi yajin aikin da ƙungiyoyin suka ce mutum kusan miliyan 2 sun shiga. Daga ƙarshe aka daidaita, daga 2014 aka daina lissafa fanshon ma'aikatan ƙananan hukumomi da albashin ƙarshe, aka koma tara kashi ɗaya bisa 49 na albashin kowace shekara.

To, amma hula biyu a kai ɗaya ba ta da daɗin sawa. Doka ta hana ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zama kansila a hukumar da ke biyansa, ta kuma wajabta wa kowane kansila ya rubuta wurin aikinsa da kadarorinsa a rajistar da kowa ke iya dubawa, ɓoye su kuwa laifi ne tun daga dokar 2011. Duk da haka cikin watan Fabrairu sai ka ga mutumin da ya yini yana neman wa ma'aikata ƙari, da dare yana zaune a zauren da ake yanke kasafi. Dole ne majalisa ta tsayar da harajin gidaje kafin 11 ga Maris, kuma doka ba ta yarda abin da za a kashe ya wuce abin da za a samu ba. Croydon a 2020 da Birmingham a 2023 sun kai ga bayyana cewa asusunsu ba zai iya ɗaukar nauyinsu ba. Idan aka ƙara haraji, tsohuwar da aka taya cike fom ce za ta biya, idan aka rage ma'aikata, ɗan ƙungiya ne zai koma gida. A maƙwabciyar unguwa ta Poplar, a 1921, kansiloli 30 ƙarƙashin George Lansbury sun gwammace zaman kurkuku na mako 6 da su ɗora wa talakawansu harajin da suka ga ba adalci a cikinsa, kuma har yau ana tuna su idan lokacin kasafi ya zo.

Zumunci a ƙafa yake

Ana zaɓen kansilolin Landan duk shekara 4, a ranar Alhamis ta farko ta watan Mayu, amma ƙuri'ar Mayu a Janairu ake shuka ta. Safiyar Asabar sai mutum biyar ko shida su haɗu a bakin tasha, kowa da rigar ruwa da safar hannu, a raba tituna. Ba ganga, ba jerin motoci, ba rabon shinkafa ko atamfa, domin ba mai zaɓe abin hannu laifi ne da ke iya ɓata zaɓen gaba ɗaya. A ƙwanƙwasa ƙofa, a gaisa, a tambayi mai gida abin da ke damunsa a unguwa, a rubuta, idan ba kowa a zura takarda ta kafar wasiƙa. Wani zai tsaya ya yi hira, wani zai rufe ƙofa a fuskarka, wani kuma karensa ne zai amsa. Masu fitowa zaɓen ƙananan hukumomi a Ingila sau da yawa ba sa wuce kashi ɗaya bisa uku, don haka ƙuri'a kaɗan kan raba gardama, tun daga 2023 kuma sai da katin shaida mai hoto ake jefa ƙuri'a, abin da ya ƙara wa masu bi gida-gida aikin wayar da kai.

A wajen wannan yawo ne kansila ke ganin abin da rahoto ba ya nunawa, fitilar titi da ta mutu, sharar da aka jibge a kwana, matakalar bene da ta karye, da gidan da labulensa bai motsa ba kwana da kwanaki. A hunturun 2022, lokacin da tsadar kaya ta kai kashi 11.1 cikin 100, majami'u da masallatai da ɗakunan karatu a faɗin ƙasar sun buɗe ƙofofinsu don wanda ba zai iya ɗumama gidansa ba ya zo ya zauna ya sha shayi, kuma sau da yawa a bakin ƙofa ne tsoho kan fara jin labarin wuri mafi kusa da shi.

Abin mamaki, idan ranar hutu ta zo, da yawa daga cikin mutanen nan tafiyar ƙafar suke sake yi, amma a daji. Daga arewacin Newham dajin Epping ke farawa, fili mai faɗin kusan eka 6,000 da dokar 1878 ta hana a killace shi, Sarauniya Biktoriya kuma ta keɓe shi ga jama'a a 1882. A tsakiyar Newham ma akwai hanyar ƙafa mai suna Greenway, da aka shimfiɗa a kan babban bututun ƙazanta na zamanin da, wanda ya nufi Beckton. Shi kansa 'yancin yawon sai da aka yi gwagwarmaya aka same shi. A watan Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka kutsa tudun Kinder Scout, wanda masu ƙasa suka keɓe don farauta, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Dokar gandun shaƙatawa ta zo a 1949, ta 'yancin ratsa tuddai a 2000, kuma ƙananan hukumomi ne ke riƙe da taswirar hanyoyin ƙafa na jama'a, su ke da alhakin hana a toshe su. Wato ko a ranar hutunsa, da takalmi cike da taɓo, kansila yana taka abin da aka damƙa wa irinsa ne.

Ba mu ce dukan kansilolin Ingila haka suke ba, can ma akwai malalata, akwai waɗanda ba a ganinsu sai zaɓe ya ƙarato. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, ma'aunin da jama'ar wurin ke auna kansila da shi ba mai wuya ba ne. Ana iya samunsa a ranar da ya ce zai zauna? Ya amsa wasiƙa? Ya karanta takardun asusun da gumin mai share titi ke ciki? Ya taka ƙafarsa ya zo ƙofar gida a lokacin da ba mai son fita? Tambayoyin nan huɗu ba sai a ƙasar ƙanƙara ake yinsu ba, kuma a cikinmu akwai 'yan fansho, akwai 'yan ƙungiya, akwai kansiloli da masu neman zama. Allah ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta, ya kuma ba tsofaffinmu cin gajiyar wahalarsu, amin.